Allo a Saman Motar Shanu

Kwana shida bayan ƙaramar Sallah, a shekarar farko ta jihar Jigawa, aka ji wata ƙara a unguwar su Sabo a Maruta, ana idar da sallar isha'i. Ba kukan dabba ba ne, ba kuma injin niƙa ba. Kamar wani ƙato ne yake juye buhun gero a kan tabarma, ya tsaya ya huta, ya kuma juye wani. Batulu, wadda danga ɗaya ta raba ta da gidan, ta leƙo da fitilar ƙwai tana salati.

Ashe rakoda ce. Sabo ya sa ta a gaba a tsakar gida, matarsa Azumi tana zaune a bakin ƙofar ɗaki. Da yamma wani direba ya kawo musu kaset daga surukinsu Ɗanbala, mai shayi a wani ƙauyen masunta can gaba da Badagiri, a jihar Ikko. Ɗanbala ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce matarsa Jummai, 'yarsu, ba lafiya. Tari ne tun kafin azumi, yanzu ƙafafu sun kumbura, an je asibiti sau biyu. Ita ce ta ce a gaya wa Baba ya karɓo mata rubutu wajen Malam Bappa, irin wanda ta sha tana ƙarama lokacin da ta yi ƙyanda. A nan maganarsa ta ƙare, amma ya manta bai kashe rakodar ba, sai wannan ƙara ta ci gaba har ƙarshen kaset.

"Teku ne," in ji Sabo, shi da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kogi ba.

Ya mayar da kaset ɗin baya, ya tsallake maganar, ya sake sauraron ƙarar. Sau uku yana yi har batir ya yi sanyi. Jummai 'yar fari ce, don haka shi da Azumi ba mai kama sunanta. Da zai tashi sai ya ce, "Zan je in kai wa yarinyar nan." Azumi ta ce to.

Malam Bappa ya kwana biyu yana rubutun. Ya zaɓi allo sabo, ya dama tawada da ƙaro mai kyau, ya cika shi gaba da baya, ko wurin ɗora yatsa bai bari ba.

"Da kusa ne, da na wanke maka a kwalba," in ji shi. "Amma kwana uku a wannan zafi, tsami zai yi. Ka kai shi yadda yake, a wanke a gabanta. Kada ya taɓa ƙasa, kada wani ya tsallaka shi, kada a ɗora masa komai a kai. Ban da leda kuma. Gumi take sa shi, tawada ta jiƙe."

Sabo ya naɗe allon da farin yadi, ya ɗaure da zare.

Saura abin da mutum zai saka a can. Ba wanda ya sani a Maruta. Sai ya hau keke ya tafi Gwaram wajen Luke, mai ba da magani a ɗakin shan magani, wanda aka turo da aka raba ma'aikata tsakanin Kano da sabuwar jiha. Mutanen gari Malam Luka suke ce masa. A bakin teku aka haife shi, amma Hausa ta zauna a bakinsa.

"Baba Sabo, kai ne za ka Ikko? Kai da ka ce kasuwar Gwaram ma hayaniya ta yi mata yawa?"

"Lalura ce. Yaya garin yake yanzu?"

"Ruwa."

Sabo ya ɗaga kai ya dubi sama. Fara fat take kamar sabon faranti, ko tsuntsu babu. Kaji sun kwanta a gindin randa sun buɗe baki.

"A bazara?"

"Ba su da bazara irin taku. Tun watan jiya aka fara. Za ka tashi da rana, kafin ka gama alwala hadari ya haɗu. Ya zuba, ya ɗauke, zafin ya dawo. Kuma zafinsu ba ya ƙuna kamar na nan, manne maka yake yi kamar koko a hannu. Wannan babbar rigar taka ka bar ta a gida, in ta jiƙe sai ka dawo ba ta bushe ba. Ka ɗauki 'yar shara biyu marasa nauyi. Takalmin fata ma ka bar shi, kwana uku zai yi furfura."

"Takalmin ne zai yi furfura?"

"Ya fi ka ma. Na roba za ka sa. Ashana ba ta kamawa sai ka ɗumama ta a hammata. Gishiri kuwa, ka bar shi a buɗe da dare, da safe ka tarar da ruwa a kwano."

Sabo ya daɗe yana juya wannan a ransa. Ƙasar da gishiri yake narkewa ba wanda ya taɓa shi. Ya ga kamar a can komai ma a hankali yake komawa ruwa, har mutane.

Luke ya shiga ciki ya fito da laimar matarsa Veronica, mai furanni ja, da manyan ledoji biyu.

"Sauro kuma sai ka gani. Akwai wani abu a kayanka da ba ya son ruwa?"

Sabo ya tuna da allon. Amma mutumin nan allura yake yi, ga kwalaben magani jere a bayansa, ga gicciye a wuyansa. Sai ya ji nauyin ya ce ga abin da zai kai wa mai tari. Kuma Malam ya riga ya ce ban da leda.

"Kuka da daddawa," ya ce.

"To ka ƙulle su da kyau."

Azumi ta ƙulle su da kyau. Leda ɗaya kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ɗaya kuma rigunan.

A Birnin Kudu ya sami motar shanu mai zuwa Ikko, lambarta har yanzu ta Kano. Shanu a ƙasa, an gitta katakai a samansu, mutane suna zaune a kai, kayansu a ƙarƙashin ƙafafunsu. Sabo ya duba ko'ina. In ya riƙe allon a cinya, masu wucewa za su tsallaka shi. In ya sa shi cikin kaya, za a taka. A ƙasa kuma kashin shanu. Sai ya rarrafa har gaba, ya ɗaure shi a jikin ƙarfen da ya fi kowane tsawo, saman kan direba, inda ba abin da ya fi shi sai sama. Ya dawo wurinsa a baya. Daga nan yana hango farin yadin, hankalinsa kwance.

Suka wuni, suka kwana suna tafiya. Bai ji yunwa ba, bai ji barci ba. Abubuwa suna wucewa yana kallo. Bayan sun haye babbar gadar Kwara ƙasa ta fara sauya launi, ciyawa ta yi kore, itatuwa suka matso bakin titi. Ya ga masara ta kai gwiwa a gonar wani. Ya ƙirga da yatsa, a gida saura wata biyu a yi shuka.

Da la'asar ta kwana na biyu, sun wuce Ogbomosho, iska ta juyo da sanyi. Sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancinsa. Wata bakwai rabonsa da wannan ƙamshi. Ɗigon farko ya faɗo masa a bayan hannu, sai ya ji yana murmushi. Ya tuna irin geron da ya rataye a rumbu, ya ce a ransa gonar bakin rafi zai fara. Ya miƙa tafin hannu kamar yadda yake yi kowace shekara. Sauran mutane suna ta jan buhu suna rufe kai, shi yana zaune ruwa yana dukan fuskarsa.

Sai da ya kai ƙirga ashirin a haka kafin ya dubi gaba.

Ya buɗe laimar, iska ta juye ta. Ya buga jikin mota, direba bai ji ba. Ya kama rarrafe a kan jiƙaƙƙun katakai, ƙahonin shanu suna ƙasa da cikinsa, wani yana ce masa, "Baba, za ka faɗa! Me ka ajiye a can, zinariya?" Kafin ya isa, yadin ya zama toka-toka. Baƙin ruwa yana bin ƙarfen, yana sauka a gadon bayan wani farin sa, daga nan ya gangara titi. Sabo ya kwance allon ya tura shi cikin riga. Rigar ma ta riga ta jiƙe.

Bai buɗe ba. Haka ya rungume shi har Ikko.

Ɗanbala ya tare shi a inda ake sauke shanu. Suka shiga mota biyu, suka hau kwalekwale, suka taka rairayi a ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Tekun yana nan a hannun hagu, toka-toka shi ma, ba tsallake. Sabo ya dube shi sau ɗaya. Zufa ta manne masa riga, kamar yadda Luke ya faɗa.

Jummai tana kwance a ɗakin kwano, an jingina ta da buhun sukari. Fuskarta ta koma ta yarinya, ƙafafun kuma kamar ba nata ba.

"Baba, kun sha hanya."

"Mun sha."

"Ya Inna?"

"Tana gaishe ki. Ga kuka ta ba da."

"An fara ruwa a gida?"

"Da saura."

Ta yi tari, ta huta. "Malam ya ba da?"

Ya juya mata baya ya kwance zaren. Allon fes yake, kamar yau aka sassaƙo shi. Sai can kusa da mariƙi, inda ƙullin ya danne, wasu haruffa huɗu ko biyar suka rage. Ɗanbala yana tsaye a kansa, ya gani. Suka dubi juna. Ɗanbala ya fita ya kawo kwano da ruwa a buta.

Sabo ya wanke haruffan nan a kwanon. Ya tsoma yadin, ya matse, ya kuma tsomawa. Ruwan ya ɗan yi duhu, bai kai ruwan wankin gero ba. Ya tallafo kanta ya kai mata baki. Ta kurɓa sau uku.

"Bai yi ɗaci ba kamar na da."

"Sabuwar tawada ce."

"Ya cika allon?"

"Ya cika shi gaba da baya."

Ta lumshe ido. "To alhamdu lillahi."

Kwana huɗu ya yi a gefenta. Kowace rana hadari yakan haɗu, ruwa ya yi ta dukan kwano har ba a jin tarin. Sauro ya cinye masa ƙafafu bai kore ba. Ya bar gishiri a murfin kwano don ya gani, da safe ya tarar ya narke. Ranar Talata da hantsi ta cika.

Hausawan wurin suka taru, ba su kai ashirin ba. Da aka haƙa kabari, kafin a kai ƙugu ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa. Suka shimfiɗa ganyen kwakwa, aka sa ta. Sabo yana tsaye da takalmin roba yana kallon yadda rairayi yake komawa ramin da kansa. Ya jira hawaye, ba su zo ba.

Ya dawo ta Gwaram ya mayar da laimar, ƙarfenta biyu a karye. Luke ya dubi fuskarsa, bai tambayi laima ba.

"Sannu, Baba Sabo. Allah ya ba da haƙuri."

"Duk yadda ka faɗa haka yake," in ji Sabo. "Har gishirin."

A Maruta rana tana nan inda ya bar ta. Rigunan da suka ƙi bushewa kwana goma, Azumi ta shanya su, kafin a kira azahar sun yi ƙarau. Aka yi zaman makoki a ƙofar gida, aka watse. Rana ta uku da yamma ya shigo tsakar gida, mata sun ragu, daga Azumi sai Batulu tana taya ta tsince wake. Ya ɗauko allon ya ɗora a kan rumbu, ya zauna. Nan ya faɗa musu komai, da murya ɗaya, kamar mai ba da labarin kasuwa: ƙarfen, da farin san, da haruffan da suka rage, da kurɓi uku.

Azumi ba ta ɗago ba. Tana ɗaukar wake ɗaya ɗaya tana mayarwa cikin wanda ba a tsince ba.

"Kwana ne ya ƙare," in ji Batulu. "Ko duka ta sha."

"Haka ne," in ji Sabo.

Wata akuya ta shigo ta leƙa randa ta fita. Batulu ta karkaɗe zaninta za ta tashi, sai ta tsaya tana duban allon a kan rumbu.

"To ni, Malam Sabo, shi wancan rubutun da ya zube a titi, allo guda gaba da baya, wa ya je ya warkar?"

Azumi ta ci gaba da tsintar wakenta. Sabo yana kallon bayan hannunsa.