Fallen Robar da Wilf Ya Cire

Duk ranar Lahadi ta hunturu, kafin ƙungiyar masu keke ta tashi daga gaban ɗakin karatu na garin Clitheroe, sai Wilf Ormerod ya zagaya kekunan ɗaya bayan ɗaya. Ba ruwansa da taya ko birki. Madigadin baya yake dubawa, wato murfin da ke kan taya, da fallen robar da ake ɗaurawa a ƙarshensa ya sauko har kusan ƙasa. Hanyoyin ƙauye a wannan lokaci cike suke da ruwa da kashin shanun da tarakta ta tattaka da gishirin da ake watsawa saboda ƙanƙara, kuma tayar da ba ta da falle a fuskar na baya take juye su duka. Don haka wanda ya zo ba falle, wurinsa can ƙarshen layi ne daga fita har dawowa, ba ya shiga tsakiya, ba ya jan gaba. Wilf ne ya kafa dokar shekara ashirin da shida da suka wuce, kuma bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Ya taɓa kora wani likitan haƙori baya da kekensa mai tsadar mota, ya ce masa ai ya fi kowa sanin abin da yashi ke yi wa haƙori.

A bana Wilf ya cika saba'in da huɗu, ƙafafunsa kuma suka fara cin amanarsa. Bibbiyu ƙungiyar ke jeruwa, biyun gaba su sha iska na minti goma, su zame baya, na bayansu su karɓa. Tun watan Oktoba ya lura minti goman nan sun fi ƙarfinsa. Ya kuma san abin da ake yi wa mutumin da ya kasa jan gaba, don shi da bakinsa ya yi wa tsofaffi uku. Ana jan mutum gefe ne a wurin shan shayi, a yaba masa, sannan a tuna masa akwai tsofaffin ranar Talata, waɗanda ke lallaɓawa mil huɗu a shimfiɗaɗɗiyar hanya su zauna su yi hirar asibiti. Wilf yana fita ranar Lahadi tun yana ɗan ashirin da uku, kuma gaskiyar magana ba shi da wani abu a mako da ya kai ta. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai iya gaya wa kowa ba.

Wata Asabar da rana ya shiga rumfar da yake ajiye kekuna, ya kwance noti biyu, ya cire nasa fallen ya jefa a aljihun tebur.

Washegari kowa ya ga babu falle a keken Wilf. Glenys Pickup, wadda ke jagorantar fita, ta durƙusa ta duba da kyau, ta miƙe ta sanar da jama'a cewa yau alƙali ne a gaban kotu. Wilf ya ɗaure fuska ya ce wata ƙofar gona ce ta fizge shi. Aka yi dariya har wani ya sarƙe, aka yi masa rakiya da tafi zuwa ƙarshen layi. Ya tafi yana ƙunƙuni, amma a ransa wani sanyi ya ji. A baya jikin mutum goma sha biyu ke tare masa iska, ba mai ƙirga masa minti, kuma in ya iso kan tudu a ƙarshe, ai doka ce ta ajiye shi can.

Mako na biyu ya ce bai sami robar kirki ba. Mako na uku ya ce noti ne suka yi tsatsa. Norris Entwistle, tsohon mai gyaran famfo wanda ya shekara talatin yana jerawa da shi, ya fara gajiya, don an haɗa shi da wani akanta da ba ya magana sai a kan nauyin tayoyinsa.

"Kai tsohon banza, yaushe za ka dawo wurinka?" in ji Norris. "Mutumin nan zai kashe ni da surutu."

"Ka sha haƙuri. Ni ma shekara talatin na sha naka."

"Robar ce ta gagare ka? Kai da ka ɗaura wa rabin garin nan?"

Wilf ya ce yana sane, ya kawar da zancen zuwa gwiwar Norris. Shi kuwa Norris ya kalli yatsun abokinsa da suka kumbura a gaɓoɓi, ya yanke wa kansa hukunci cewa ciwon sanyi ne ya hana shi riƙe ƙaramin noti, girman kai kuma ya hana shi roƙo. Norris mutumin kirki ne, amma irin mutanen nan ne da in suka ga famfo yana ɗiga ba sa tambayar mai gida, gyarawa kawai suke yi.

Lahadi ta biyar aka wayi gari da yayyafi da iska mai shiga ƙashi. Suka tsaya shan shayi a ƙauyen Chipping. Wilf na cin wake da gasasshen burodi bai lura Norris ya sulale waje ba. Da suka fito sai ya tarar an yi da'ira an kewaye kekensa, kowa na murmushi. Wani sabon falle ne ɗaure a madigadin, an yanko shi daga baƙin takalmin ruwa, an goge gefensa sumul, notinsa na ƙarfen da ba ya tsatsa, an rubuta WILF da farin fenti. Norris ya kwana uku yana yinsa, kuma Wilf da kansa bai taɓa yin mai kyansa ba.

Glenys ta ce kotu ta yafe, fursuna ya koma wurinsa. Aka sake tafi. Wilf ya sunkuya ya ja fallen da hannu ko zai sami aibin da zai fake da shi, bai samu ba. Ya ɗago ya ga fuskar Norris tana ƙyalli don murna. Ya ce ya gode, aiki ya yi kyau.

Suka jeru, shi da Norris a sahu na huɗu. Yana kallo biyun farko suka zame, na biyu suka karɓa, sannan na uku. Ya lissafa hanya a ransa ya ga inda rabonsu zai faɗo, wato wani dogon hawa da ba shi da tsanani amma ba ya ƙarewa, kuma iska na fuskantarsu.

Minti biyu na farko ya riƙe. A na uku ya sauke giya, a na huɗu ya sake saukewa. Numfashinsa ya fara fita da ƙara, ruwa na gangarowa ta cikin hularsa. Norris ya rage gudu don su daidaita, ya ci gaba da ba shi labarin wata tukunyar ruwan zafi kamar ba abin da ke faruwa. Hirar da ake yi a baya ta ɗauke. Wilf ya fara jin ƙarar birki a jiƙaƙƙun tayoyi, mutum goma sha ɗaya suna taka birki a kan hawa don kada su hau shi. Da ma sun yi masa tsiya, da ya sami abin mayarwa.

Sai ya ji tafin hannu a tsakiyar bayansa. Norris ne ke tura shi, idonsa na kan hanya, labarin tukunyar ma ya tsaya. Haka suka ƙarasa hawan, hannun bai ɗaga ba, kuma duk wanda ke baya ya gani.

A saman akwai mararraba, hanya ɗaya ta ci gaba cikin tuddai, ɗayar ta gangara ta bi kogi zuwa gida. Wilf ya ja gefe ya sauke ƙafa. Ya ce wa Glenys su wuce, shi zai bi ta ƙasa. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya girgiza mata kai ya ce ba sai ta ja shi gefe ba, ya san jawabin, shi ya rubuta shi. Idonta ya ciko. Ta dafa kafaɗarsa, ta ja jama'a suka wuce a hankali, kowa na gaishe shi da suna.

Norris ya tsaya. Ya kalli sabon fallen, ya kalli Wilf.

"Ashe kai ka cire na farkon da kanka."

"Ni na cire."

"Da ka gaya mini, Wilf."

"In ce maka me?"

Norris ya laluba jakar bayan sirdinsa ya ciro sifanar kwance noti. Ya ce minti ɗaya ne ya kwance shi, a jefa a rami, mako mai zuwa a ce ya sake faɗuwa, Wilf ya koma baya abinsa, ba wanda zai ce komai.

"Bar shi," in ji Wilf. "Sun riga sun gani. Yanzu in na zauna a baya tausayi ne, ba doka ba."

"To mu tafi gida tare."

"Kada ka zama wawa. Ƙafarka da sauranta. Jeka, in suka sha kwanar can ba za ka kamo su ba."

Ya faɗa da gaske, kuma ya so a ce Norris ya ƙi. Norris ya dubi hanyar kogi, ya dubi jajayen fitilun bayan kekunan da ke ƙanƙancewa a cikin yayyafi. Ya mayar da sifanar cikin jaka, ya ce zai leƙo ranar Laraba. Ya hau ya miƙe a kan feda, ya bi su da ƙarfin da Wilf bai san yana da shi ba, sai a lokacin ya gane ashe Norris ya daɗe yana rage masa gudu.

Wilf ya tsaya har ya ga layin ya buɗe ya karɓi Norris, sun sake jeruwa bibbiyu, cif, ba gurbin da ya rage. Ya goge fuska da safar hannu, ya juya kan keken zuwa gangara.