Kunnen Shahata

Shekara ashirin da biyu na yi ina maƙwabtaka da Shahata a lungunmu na bayan tashar jirgin ƙasa a Tanta, kuma ban tuna ranar da na yi masa fatan alheri ba. Ba na ɓoyewa. Ni Abdulmaksud ina sama, barandata tana kallon ƙofarsa. Shi yana ƙasa, shi da babur ɗinsa. Lungun ƙunci gare shi, da za a miƙo kofin shayi daga ƙofa zuwa ƙofa zai isa da zafinsa. Ba mu taɓa gwadawa ba.

Babur ɗin ja ne, tsoho tukuf, mai silinda biyu da salansa biyu, irin masu shan fetur gauraye da baƙin mai. Da shi ya yi ta zagaya ƙauyuka yana yi wa shanu allura lokacin yana aikin dabbobi. Ya yi ritaya, babur bai yi ba. Duk Juma'a, ana saukowa daga masallaci, daidai lokacin da mai hankali ya ci shinkafarsa da miyar lalo ya miƙe ƙafa, sai ka ji ƙofar ƙarfe ta yi kuka. Ya turo shi waje, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifana da sukundireba.

Na haddace aikin nan ba don ina so ba. Zai cire fulogi biyun ya goge da burushin waya, ya hura, ya ɗaga su yana duba launinsu. Sai ya buɗe murfin gefe inda kwantak biyu suke, ƙananan haƙoran nan da ke buɗewa su aika wa fulogi wuta, kowace silinda da nata. Ya soka takardar naɗa taba tsakanin haƙoran, yana juya inji a hankali yana jan takardar. Inda ta kuɓuce, nan wutar take tashi. To amma injin ya ci ya yi sako-sako, takarda kusa kawai take kai mutum. Sauran aikin na kunne ne. Sai ya buga kik, ya zare hular fulogin dama ya bar ta hagu tana tafiya ita kaɗai, ya mayar, ya zare ta hagu, yana ɗan taɓa sukurori, har muryoyin biyu su zama ɗaya. Wata rana minti ashirin, wata rana har la'asar. Shuɗin hayaƙi kuma yana tasowa yana shiga shanyar matata Nawal.

Ni kuwa Allah ya jarrabe ni da kunne. Shekara talatin da ɗaya na yi a tasha ina bin jirage da doguwar guduma, ina ƙwanƙwasa ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyar ƙafa tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarta a dakushe take. Ban taɓa sallamar jirgi da tsagaggiyar ƙafa ba, ban taɓa tsayar da lafiyayye ba. Abin taƙamata ke nan a duniya, ba ni da wani. Mai irin wannan kunnen aka ajiye wa inji a ƙarƙashin taga, silinda ɗaya na tari ɗaya na atishawa.

Don haka da ya tayar nake fitowa baranda da singileti.

"Ta hagu, jaki, ta hagu," ina faɗa ina nuna salansar da hannu. "Wutarta ta yi gaba. Mayar da ita baya. Haka ka yi ta kashe wa talakawa shanu?"

Shi kuma ya ɗago kai. "Koma ciki, mai ƙwanƙwasa, wannan ba jirgi ba ne. Shekara talatin kana buga ƙofa, ko sau ɗaya an ce ka shigo?"

Haka za mu yi ta yi. Na taɓa juye masa ruwan wanke-wanke, ya taɓa ajiye min ruɓaɓɓen kifi a matakala. Sai injin ya daidaita, ƙarar ta zama wadda ɗan Adam zai iya barci a cikinta, sannan in tofa yawu in shige ciki in buga taga.

Wajen shekara biyu da suka wuce ya daina mayar min da martani. In zage shi tas, ya ɗago ya dube ni, ya sunkuya ya taɓa sukuru, ya sake ɗagowa. Na ɗauka raini ne sabo, wato ban ma kai a amsa min ba. Abin ya fi zagin ƙona min rai, na ƙara ƙaimi.

Ran nan, wata Alhamis da hantsi, ɗansa Midhat ya zo daga Iskandariyya. Injiniya ne a can, mutum mai sanyin magana. Uban kuwa kwanan nan in yana magana har bakin titi ana jin sa, saboda haka ba sai na yi laɓe ba.

"Baba, sau tara na kira wayarka," in ji Midhat, a bakin ƙofa suke tsaye. "An ce min shekaranjiya bas ta kusa take ka. Direban ya yi ta danna hon, ko waiwaye ba ka yi ba."

"Ƙarya yake. Ɗan ƙwaya ne."

"Baba, ba ka ji. Na gyara maka ɗaki a wurina. Ka tattara kayanka mu tafi, babur ɗin nan kuma a ba 'yan gwangwan."

"A benen nan naka, hawa na takwas? In zauna ina kallon teku kamar tantabara a keji? Wa zai kai ni kabarin uwarka ran Alhamis? Kai?" Ya buga sirdin babur da tafin hannu. "Kurma ne zai saita wannan? Gobe bayan masallaci ka kwance kwantak ɗin da hannunka, ka hargitsa yadda ka ga dama. In na kasa mayar da shi, ɗauke ni har da katifata. In na mayar, kada ka sake yi min wannan maganar."

Midhat ya ce ya yarda.

Na koma ciki ina dariya. Na ce wa Nawal, "Kin ji yaron nan? Wai uban kurma ne. Ai iskanci ne kawai, kunnen uwar shegu yake yi wa mutane."

Tana tsince shinkafa a faranti, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Abu Ashraf," haka take kirana, wato baban Ashraf, "duk lungun nan kai kaɗai ne ba ka sani ba. Tun bayan rasuwar matarsa kunnen ya tafi. In ka gaishe shi ta baya ba ya amsawa. Baki yake kallo."

"To da me yake saita injin, da hanci?"

"Da kai."

Na tsaya ina kallon ta.

"Ka fito ka nuna hagu, ya taɓa hagu. Ka kaɗa hannu baya, ya mayar baya. Ka shige ka buga taga, ya ɗaure sukurori ya tattara kayansa. Ni da nake kwashe shanya ina ganin ku duk Juma'a. Mai kanti ma ya sani, har suna yi maka suna."

"Wane suna?"

"Kunnen Shahata."

Wallahi ban taɓa jin wulaƙanci irin na ranar ba. Shekara biyu ina tsaye a rana da singileti, jijiyar wuya a waje, ina tsammanin ina gasa masa magana, ashe aiki nake yi masa kyauta, lungu kuma na kallo ana ƙunshe dariya. Kunnen da manyan tasha suke tsayar da jirgi saboda shi, tsohon banza ya mayar da shi sifana a cikin buhunsa. Abincin ranar bai wuce min ba. Nawal ta dubi fuskata ta ce, "Kada ka yi abin da nake gani a idonka." Na ce ta ji da shinkafarta.

Washegari bayan masallaci ƙofar ƙarfe ta yi kukanta. Mutane sun ɗan taru, mai kanti ya fito da kujerarsa. Midhat ya naɗe hannun riga, ya kwance kwantak biyun ya gusar da su, ya koma gefe ya harɗe hannu. Shahata ya tsuguna. Ya yi aikin takardarsa tsaf, dama sannan hagu. Ya buga kik sau uku, inji ya kama. Sai ya ɗago kai ya dubi barandata, kamar mai duba ko hadari ya taso.

Ina nan tsaye. Ta dama ce ta fara, wutarta ta yi baya, tana luguden banza. Na nuna ta, na zage shi kamar kullum, don kada ya shinshino wani abu. Ya taɓa, ta daidaita. Ya koma kan ta hagu.

Na ji ta sarai. Ta yi gaba kaɗan, akwai wani siririn ƙis-ƙis a ƙarƙashin ƙarar, wanda hannu ba ya ji a jikin tanki, ido ba ya gani a hayaƙi. Gyaranta shi ne a mayar baya. Na ɗaga hannu na kaɗa shi gaba.

Ya ƙara mata gaba. Ya ɗago.

Na sake kaɗawa gaba. Ya ƙara. A tsaye injin yana tafiya da ƙarfi, har ya fi kullum kuzari, wanda bai sani ba zai ce lafiya lau. Ni na san abin da zai faru in ya yi zafi aka ɗora masa nauyi. Na tofa yawu, na shige ciki, na buga taga. Sannan na manna ido a tsagar katakon.

Ya ɗaure sukurori, ya mayar da murfi, ya goge hannu da tsumma a hankali don kowa ya gani. "Hau baya, injiniya," ya ce wa ɗansa. "Hau ka ji yadda kurma yake aiki."

Suka fita lungun suka bi titin da ke hawa gadar jirgi. Minti goma ba su dawo ba. Da suka shawo kwana kuwa, tun daga nesa na ji shi, kuma ba ni kaɗai ba. Silindar hagu tana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa cokali a cikin gwangwani, ƙwal-ƙwal-ƙwal, duk lokacin da ya murɗa mai. Mai kanti ya yamutsa fuska. Wata mata ta leƙo ta taga. Shi kuwa Shahata yana zaune ƙiƙam a kan sirdi, baki har kunne, yana ɗaga wa mutane hannu.

Ya tsaya a ƙofa bai kashe ba, ya ƙara murɗa mai sau biyu don burgewa. Midhat ya sauka ya zagayo gabansa.

"Baba, kana jin wannan?"

"Kamar agogo," in ji shi da ƙarfi. "Tun kana cikin zani haka yake tafiya."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi sauƙi. Shahata ya dubi fuskar ɗansa, ya dubi ta mai kanti, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, murmushin yana raguwa. Midhat ya miƙa hannu ya kashe injin ya zare makulli, idonsa ya kawo ruwa. Uban bai hana shi ba. Ya ɗaga kai ya dubi tagata da ke rufe, ya daɗe yana kallo.

Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na ji daɗi har wajen la'asar. Nawal ta ajiye min shayi, ba ta sa sukari ba.

Ran Lahadi da safe a-kori-kura ta shigo lungun da baya. Ƙarti biyu suka cicciɓi babur ɗin suka kwantar da shi a gefensa, mai yana ɗiga a kan ƙarfen motar. Buhun sifanar ma aka jefa a kai. Bayan ta tafi Midhat ya fito da akwati biyu da bargo ya sa a motarsa. Na fito baranda, da rigata wannan karon, don a san ban ji tsoron kowa ba.

Midhat ya ɗago ya kira ni Ammu, wato baffa, ya ce, "Ammu Abdulmaksud, a yafe mana hayaniyar shekaru. An gama." Yaron bai san komai ba, har da dafa ƙirji.

Shahata ya fito ƙarshe, da jallabiyarsa ta zuwa masallaci. Ya kulle ƙofar ƙarfen, ya girgiza kwaɗon ya tabbatar. Sannan ya tako har ƙarƙashin barandata ya tsaya. Na gyara tsayuwa, na tanadi amsa kala uku, ina jiran zagi.

Da muryar nan tasa da ake ji har bakin titi ya ce, "Mai ƙwanƙwasa. Shekara ashirin da biyu kana zagina, ka zagi ubana, ka zagi shanun mutane. Ban taɓa kama kunnenka da ƙarya ba sai shekaranjiya."

Duk lungun ya ji. Amsoshina uku suka bi iska. Abin da ya fito daga bakina, ban san lokacin da ya fito ba, shi ne, "Ta hagu ce. Baya za ka mayar da ita, kaurin takarda biyu kawai."

Ya riga ya juya baya yana tafiya wajen motar, saboda haka bai ga bakina ba.