Sunan da Gwaggo Ba Ta Faɗi

"Kai kas sace mini murya, Zaharaddeen. Kak kwashe ta, kar raba ma duniya."

Gwaggo Mashkura ce, yayar mahaifinsa, tsaye a ƙofar ɗan shagon da yake haɗa waƙoƙinsa a Goronyo. Daga Giyawa ta hawo babur, ko sallama ba ta yi ba. Ya cire abin sauraro daga kunne ya durƙusa. Ya ba ta kujera ta ƙi, ya miƙa ruwa ta ce ba ƙishi ya kawo ta ba.

Ya san abin da ya kawo ta. Shekara uku yana saka waƙoƙinsa a TikTok, mabiyansa ba su wuce ɗari huɗu ba, rabinsu ma 'yan ajinsu ne. Da ƙaramar Sallah ya je gaishe ta, ya tarar tana daka ita kaɗai a bayan zana, tana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa. Maimakon ya yi sallama, sai ya ɗaga waya ta saman zanar ya naɗi muryarta. Ya dawo ya ɗora wa muryar kiɗa, ya ƙara baiti biyu nasa, ya saki. Cikin wata guda mabiya suka kai dubu sittin, daga Wurno har Rabah ana kiransa wasan biki.

A tsakiyar waƙar Gwaggo ta kira suna sau uku: Attahiru. Ɗanta ne na fari, masunci, wanda kwalekwale ya kife da shi a madatsar ruwa shekara goma sha biyu da suka wuce. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kuma Gwaggo ta riƙe wannan kunyar da ƙarfi. "Wancan" take ce masa tun yana goyo har ya yi gemu. Ranar da aka fito da gawarsa ba wanda ya ga hawayenta, ta ci gaba da tankaɗe ana shigowa gaisuwa.

Zaharaddeen ya san duk wannan. Ranar da yake haɗa waƙar har ya yanke sunan, ya saurara, ya ji ta zama lami. A daidai sunan ne muryarta ke karyewa, kuma ya san wurin nan ne zai kama mutane. Sai ya mayar da shi, ya ma ƙara masa amo.

Ta zayyana masa abin da ya biyo baya, ba ta rage komai ba. Masu albasa na kunna waƙar a kasuwa. Matan unguwa sun daina haɗa ido da ita, wasu don tausayi, wasu don dariya. Jiya kuma Bara'atu, 'yar da Attahiru ya bari, ta je bikin ƙawarta, ta tarar da 'yan mata sun yi da'ira suna juyi, suna amsa sunan ubanta da tafi. Ta dawo gida ta kwanta, har yanzu ba ta ci abinci ba.

Ya fara cewa bai rubuta sunan Gwaggo a jikin waƙar ba, kuma mutane da yawa sun rubuto cewa waƙar ta sa su kuka.

"Kukansu mi zai yi mini? Ni da nih haife shi ban bari shi ji sunanai bakina ba, har yab bar duniya. Yanzu ɗan acaɓa na jinai kullum."

Ya buɗe wayar a gabanta, ya goge waƙar, ya nuna mata wurin da take a da. Ta kalli gilashin, ba ta iya karanta komai ba. Kafin ya mayar da wayar aljihu, sai ga tashin tabarya daga rumfar mai shayi a tsallaken titi, daga wayar wani, muryar Gwaggo na biye. Tun tuni ɗaruruwan mutane sun kwafe ta.

Ta tsaya har aka kira sunan na uku. Sannan ta gyara mayafinta.

"Rufe shagon ga. Ɗiyatai na kwance tana tambayata dalilin da anka yi rawa da mutuwar ubanta. Ni ban da abin hwaɗa mata. Kai za ka zamna gabanta ka ba ta amsa. Tashi."