Gwaji na Goma Sha Uku

Malam Abdulgafar ya murɗa makunni na huɗu, koren ƙwai ya kama. Ja ya kamata ya kama.

"To, ga shi nan," ya ce. "Rijiya ba ruwa, na'urarku kuma ta ce famfo ya tashi. Da a Hammadu Kafi aka ɗaura wannan, yau injin mutane ya ƙone."

Najiba ta sunkuyar da kai. Aikin kammala karatunsu ne ita da Selina. Ita ta zana da'irar lantarkin ta gwada a kwamfuta, Selina kuma ta haɗa wayoyin a kan allo.

Malam ya buɗe rahotonsu. "Irin wannan da'ira ba ta da agogo, ba ta jiran komai. Abin da kuka ba ta, nan take za ta amsa. Makunni huɗu, hali goma sha shida ke nan, kuma ga su duk sun fito daidai a kwamfuta. Ashe matsalar daga hannunki take, Selina. Sai ki maimaita kwas ɗin baɗi."

Najiba ta tuna ranar da ta yi gwajin. Tunda ba agogon da zai tura gwajin gaba, sai da ta riƙa shigar da kowane hali da hannu. Ta gama na tara ke nan aka kira ta kamun yayarta a unguwar Malam Inna. Sauran bakwai ɗin da ka ta cike su.

A baranda Selina ta riƙo hannunta. "Ki yi haƙuri, ƙawata, na ja miki. Tun ina firamare Baba ke koya min haɗa waya a shagonsa na Herwagana. Ban san da wane ido zan kalle shi ba."

Najiba ta zare hannunta. Ta zauna a kan dakali, ta buɗe kwamfutar, ta shigar da hali na goma sha uku, wanda Malam ya gwada. Kore. Ta juya mata fuskar kwamfutar.

"Haɗinki daidai ne. Zanena ne da kuskure. Ban taɓa gwada wannan ba sai yanzu."

Selina ta daɗe tana kallon fuskar kwamfutar.

"Kina tsaye a can kina jinsa?"

"Ina ji."

Najiba ta miƙe ta nufi ofishin Malam. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Za ki raka ni?"

"A'a," Selina ta ce. "Amma kawo jakarki in riƙe miki."