Jirgin Mahaifin Dhon Manik

Dhon Manik tela ne, kuma duk tsibirin babu wanda ya kai shi iya kafa wuyan riga. Amma abin da ya fi ji da shi ba keken ɗinkinsa ba ne, tsohon jirgin kamun kifin da mahaifinsa ya bari ne, wanda ke kwance a bayan gida tun kafin a aurar da babbar 'yarsu. Rana ta dafa shi, ruwan sama ya wanke fentinsa, katakon ya huhhuje har kaji suka mai da cikinsa wurin saka ƙwai. Matarsa Sakeena kuwa a gefensa take yanka kifi, don ta ce tsayinsa ya yi mata daidai. Duk shekara sai Dhon Manik ya ce bana zai gyara shi, ita kuma ta ce Allah ya nuna mana.

Ana nan sai Shiuna, 'yar ƙanwarsa, ta zo. Ta yi karatun ƙawata gine-gine a Kolombo, yanzu tana aiki da kamfanin da ke gina otal a tsibirin can da ake hangowa daga gaɓa, inda a da ake zuwa tsinko kwakwa. Tabarmi ta zo saya a wurin matan unguwa. Bayan ta ci shinkafa da romon kifi ta zagaya baya wanke hannu, sai aka ji ta shiru. Da kawun nata ya leƙa, ya same ta a durƙushe tana shafa ramukan jirgin, tana ɗaukar hotonsa ta ko'ina.

Ta ce so take ta rataye shi a rufin babban ɗakin cin abinci, a sa fitilu a cikinsa, haske ya riƙa zubowa ta ramukan nan a kan tebura. Dhon Manik bai tsaya sauraron zancen fitilu ba. Abin da kunnensa ya kama shi ne manyan baƙi daga ƙasashen duniya za su ci abinci a ƙarƙashin jirgin ubansa. Nan take ya amince.

Da za ta tafi ta juyo, ta kira shi yadda suke kiran kawu a yarensu, ta ce, "Bodubeybe, don Allah kada a taɓa shi. Yadda yake ɗin nan nake so."

Ya yi murmushi ya ce ta je abinta. A ransa kuwa cewa ya yi yarinyar akwai kunya, ba ta son ɗora wa kawunta nauyi.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya za a yi mutum ya biya kuɗin jirgin sama, ya ƙetaro teku, ya ɗaga kai ya ga mahaifin Dhon Manik a cikin rariya yake shiga ruwa? Washegari ya rufe shago, ya kira abokinsa Isa Fulhu kafinta. Masu ɗinkin biki suka yi ta zarya, yana ce musu aikin ƙasa ne ya taso. Sakeena ta tuna masa sau ɗaya cewa yarinyar nan fa ta ce kada a taɓa. Ya ce mata ita ba ta san abin kunya a tsakanin maza ba. Ta ƙyale shi, musamman da ta ga ruɓaɓɓen katakon da suke ɓamɓarowa yana kama wuta ba sai an hura ba.

Aiki suka yi na gaske. Isa Fulhu ya sake duk katakon da ya huje, ya toshe kowace kafa, ya goge jirgin har ya yi santsi. Fenti kuwa Dhon Manik bai yarda kowa ya taɓa ba. Shuɗi ya shafa mai ƙyalli, ya ja layin ruwan ɗorawa a bakin jirgin, layin ya tafi sambal, sannan ya zana jan fure a goshin jirgin. Mutanen unguwa suka riƙa zuwa kallo. Ladan ma ya ce rabon da ya ga jirgi mai kyau haka tun yana saurayi.

Ranar da Shiuna ta dawo da ma'aikata da babban jirgin ɗaukar kaya, Dhon Manik ya riga ya lulluɓe aikinsa da yadi. Ya tsayar da ita, ya gyara murya, ya yaye yadin.

Shiuna ta daɗe tana kallo. Can ta laluba kujerar raga ta zauna.

"Ina jirgin?" ta ce.

"Ga shi a gabanki."

"Ina ramukan, Bodubeybe?"

"Ko allura ba za ki samu inda za ki zura ba," ya ce, yana duban Isa Fulhu, shi kuma yana gyaɗa kai.

Ta rufe fuska da hannu biyu. Da farko ya ɗauka murna ce ta yi mata yawa. Sai da ta yi bayani a hankali, cewa sabon jirgi ko a Male, babban birnin ƙasar, za ta iya saya, tsufan da ramukan su ne ta nuna wa masu otal, su ne kuma suka sa hannu a kai, sannan ya gane cewa ba a so. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce shi tunda yake bai taɓa jin an gyara abu an ce an ɓata ba, in kuwa ruɓa ake nema to ai da sai a ce masa ruɓa ake nema. Shiuna ta ce ta faɗa. Sakeena daga ƙofar kicin ta ce lalle ta faɗa.

Shiuna ta ɗago ta tambayi inda tsohon katakon yake. Sakeena ta ce rabi dai ya tafi wajen dafa kifi, sauran yana jingine a bayan kicin, ɗaya ma yanzu ta tura shi a murhu. Ba ta rufe baki ba Shiuna ta zabura, ta faɗa kicin, ta fizgo katakon daga ƙarƙashin tukunya ta tsoma shi a bokiti. Ma'aikatan suka naɗe guntayen da suka rage a cikin barguna, suka ɗauke su a hankali kamar jarirai. Jirgin kuwa ko waiwayarsa ba su yi ba. Ya kwana biyu yana ƙyalli a bayan gida, sannan mijin 'yarsu ya zo ya roƙa, ya tura shi ruwa.

Da aka buɗe otal, Shiuna ta aiko a ɗauke su su je su gani. Dhon Manik ya ce ba ya zuwa, sannan ya goge rigarsa mafi kyau. Suna sauka aka karɓe musu takalma. Ya duba ya ga daɓen babban ɗakin yashi ne zalla, ya raɗa wa Sakeena cewa kuɗin siminti ne ya ƙare musu. An nuna musu ɗakuna a kan ruwa, masu gilashi a ƙasa don baƙo ya ga kifi daga kan gado, da banɗaki marar rufi, da fitilu na ƙoƙon kwakwa irin wanda Sakeena ke zubarwa kullum. Tabarmin matan unguwarsu kuwa a bango aka kafa su, babu mai zama a kai.

A ɗakin cin abinci ya ga katakonsa. An jera su a farin bango, kowanne da fitilarsa, an gitta igiya a gaba don kada a taɓa. Ga sawun wuƙar Sakeena raɗau a jikin biyu daga ciki. Ya buɗe baki zai yi tsaki, sai ya lura mutane sun tsaya suna kallo shiru, wani tsoho har da cire hula. Ya mai da tsakin.

Wata Baturiya mai furfura ta ji an ce ga mai katakon, ta matso ta riƙe masa hannu. Ta nuna wanda bakinsa ya ƙone, ta tambaya ta bakin Shiuna ko me ya same shi. Dhon Manik ya dubi matarsa, ta kau da kai. Sai ya ce wuta ce ta tashi wa mahaifinsa a tsakiyar teku, ga hadari, ga igiyar ruwa ta fi bishiyar kwakwa tsawo, ga jirgi cike da kifi, shi kaɗai ya kashe ta da zanen ƙugunsa. Shiuna ta tsaya tana kallonsa.

"Fassara mana," ya ce. "Ko karatun bai kai nan ba?"

Ta fassara. Baturiyar ta share ƙwalla. Sakeena ta cika bakinta da soyayyen kifi don kada a tambaye ta.

A shagon shayi ya ba da labarin tafiyar fiye da yadda ta faru, ya kuma ƙara da cewa Shiuna na neman ƙarin tsohon katako don sauran ɗakuna. Kafin mako ya zagayo tsibirin ya rikice. Aka ɓalle ƙyamare, aka kwance gadajen kakanni, wasu suka jiƙa sabon katako a ruwan gishiri suka babbake bakinsa. Yawanci Shiuna ta mayar musu da abinsu. Na Isa Fulhu dai ta karɓa, wato ƙyauren banɗakin gidansa, wanda ya cire bai shawarci kowa ba. Matarsa ta rantse ba za ta ɗora tukunya ba sai ƙyaure ya dawo.

Isa Fulhu ya bi jirgin kai kaya ya tafi karɓowa. Da yamma ya dawo hannu rabbana, ya zauna kusa da Dhon Manik a shagon shayi. Da aka kawo shayi ya ce ya samu an riga an yi wa ƙyauren ƙafafu, an shafe shi da mai, wasu ango da amarya suna cin abinci a kai.

Dhon Manik ya tambaye shi ko ya gaya musu daga inda ƙyauren ya fito.

"Na so," in ji Isa Fulhu, "sai na ga suna jin daɗin abincin."