Turancin da Na Koya wa Hachimou

Ni dai ban taɓa cewa kowa ya kira ni malam ba. Shekara uku na koyar da Turanci a firamare a Haɗeja, sai aka ce Libiya ta buɗe ƙofa ga duk ɗan Afirka, na taho Sabha na kama gyaran takalma a unguwar Hajara. Hachimou ne ya tono tsohon zance.

Mutumin Damagaram ne, direba, yana jigilar dabino daga Ghuddwa. Wani kamfanin kai Turawa yawon sahara ke neman direba mai jin Turanci. Ya ce min, "Malam Muƙaddas, in na samu, na zauna. In ban samu ba, sai arewa, sai teku, sai Turai."

Matsalarsa Faransanci. Kowace kalma sai ya danne mata wutsiya. Na ce, "Kai, wannan ba Turanci ba ne, kukan akuya ne!" Na koya masa yadda muke yi wa yara: a yanka doguwar kalma gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa a bugi benci, mai nauyin a buga da ƙarfi. Re-spon-si-BI-li-ty. Ac-com-mo-DA-tion. Wata biyu muna dukan akwatin aikina, har Larabawan layin suna tambaya ko biki ake. Wallahi ya iya. Sai dai bakinsa ba ya motsi sai hannu ya motsa, ni kuma ban ga aibun haka ba.

Ranar gwaji na raka shi, na tsaya bakin ƙofa. Mudir, shugaban ofishin, ya jefa masa tambaya. Sai na ji: ƙwas, ƙwas, ƙwas, dam! A kan teburin mudir fa, har shayinsa ya malale a takardu. Mudir ya miƙe yana zage-zage, wai baƙo ɗan ƙwadago ne zai buga masa tebur? Ko kalmar bai bari ya ƙarasa ba.

A waje Hachimou ya ce, "Malam, amma na sa nauyin daidai ko?" Na ce daidai.

Ran Laraba ya hau motar arewa. Yau wata bakwai, shiru. Matarsa Saoudé takan kira wayar shagon maƙwabcina daga Damagaram, a ba ni. Ba na jin baƙin ciki, ba na jin komai, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Jiya ta ce, "Malam, don Allah ka gaya min gaskiya, me ya hana su ɗauke shi aikin nan?" Na ce mata layi ba kyau, na ajiye.