Ranar da Na Sa Kwamfuta Barci

Kujerar baƙi ɗaya ce tak a shagon hoton Kawu. Ta roba ce, shuɗiya, an ɗaure mata ƙafa ɗaya da waya. Duk rigimata da Mai Ɓera a kan kujerar nan take.

Mai Ɓera ɗan Kawu ne, teburinsa na kallon nawa. Ni na raɗa masa sunan, don tun safe hannunsa na kan ɓeran kwamfuta, yana ja yana dannawa, yana cire wa mutane ƙurajen fuska ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma yana ce min Baƙin Allo. To, bai yi ƙarya ba. Ni ko buɗe hoto ba na yi. Allona baƙi ne wuluk, umarni kawai nake rubuta wa kwamfuta: yanke gefe, rage girma, sa farin bango, manna tambari a kusurwa. In danna. Kafin ka gyara zama hotuna ɗari sun fito a jere, kowanne ya yi wanka.

Kana jin haka za ka ce ai ni ne tauraron shagon. Ina! Wa zai zauna kallon farin rubutu a kan baƙi? Mutum ya miƙo min filashi, ɗan abin nan na ajiye hotuna da ake soka wa kwamfuta, bai gama sauke jaka ba na miƙa masa aikinsa, sai sallama. Shi kuwa gogan naka, hoto ɗaya sai ya yi ta shafa shi kamar jariri, mai hoton na gefensa a kan kujera, ana hira ana dariya.

Da can ban damu ba. Sai da 'yar shagon tabarau na tsallaken titi ta shigo ɗaukar hoton katin aiki.

"Malama, kin ga inuwar nan ta ƙarƙashin idonki?" in ji Mai Ɓera. "Sai an bi ta a hankali."

Wace inuwa? Na leƙa, na sake leƙawa. Fuska tas kamar an zana. Amma ya zaunar da ita har shayin Kawu ya huce, yana gyaran abin da bai lalace ba, ni kuma ina ta danna maɓallai da ƙarfi don a san akwai mutum a nan.

Bayan 'yan kwanaki sai ga ta da filashi. Mai shagonsu na son littafin nuna kaya: hotunan tabarau sun fi ɗari biyu, a daidaita girmansu, a sa tambarin shago, a jera goma sha biyu a kowane shafi. Mai Ɓera ya sosa ƙeya ya fara, "To, zuwa mako mai zuwa..."

"Wane mako?" Kawu ya katse shi. "Ba wa ɗan'uwanka."

Ta kama kujera ta jawo ta gefena. Ƙiiii! Wallahi tunda nake ban taɓa jin kiɗa mai daɗin ƙarar ƙafar robar nan a kan siminti ba.

Na rubuta layukana, zan danna ke nan sai na tsaya. In na danna, an gama. Ko kujerar ba za ta ɗumama ba. Sai na tuna akwai wani ɗan umarni da ke cewa kwamfuta ta dakata, ta ɗan yi barci kafin ta ci gaba. Na cusa shi bayan kowane hoto. Gyara ɗaya, ki kwanta. Gyara ɗaya, ki kwanta.

"Malam, zai daɗe?" ta tambaya.

"Ai gilashi ba fuska ba ne, Malama. Yana da wuyar sha'ani. Kuma in an fara ba a tsayarwa, in ba haka ba duka su lalace."

Na danna. Na gyara wuyan riga, na fara zuba. Na ba ta labarin mutumin da ya ce in rage masa tumbi amma kar in taɓa rigar. Ta yi murmushi, idonta na kan allo. Lamba ta fito. Shiru. Wata lambar ta fito.

"Ina hoton yake?"

"Yana ciki."

"Ba a ganinsa?"

"Sai an gama."

Ta cire tabarau ta goge ta mayar, ko za ta ga wani abu. Baƙi dai baƙi ne.

"Malama," Mai Ɓera ya kira daga can, murya kamar zuma, "kafin injin nikan nan ya gama, zo ki ga yadda nake mayar wa wani tsoho haƙoransa."

Ta dube ni. "Tunda ba a taɓawa, ai ba sai na tsare shi ba ko?"

Me zan ce? Ni na kafa dokar. Ƙiiii! Kujera ta koma.

Jama'a, duk barcin da na tsara da hannuna, Mai Ɓera na shimfiɗa wa. Kowace lamba ta fito sai in ji dariyarta. Kawu ya zo wucewa ya leƙa allona.

"Yau kuma me ya sami abin naka? Ko ya tsufa?"

"Gilashi ne, Kawu."

"Gilashi," ya maimaita, ya wuce yana girgiza kai.

Na daure. Na ƙirga juyin fankar sama, na kalli titi. Sai na ji Mai Ɓera na cewa, "Riƙe ɓeran da kanki, bari in nuna miki." Na waiga, hannunta a kan ɓera, nasa na shawagi a kusa.

A'a. Na tsayar da aikin, na goge layin barci, na danna. Fuuu, shafuka suka zubo.

"Malama, an gama!"

Ta taso ta duba. Tabarau a jere reras, tambari a kusurwa, ba wanda ya karkace.

"Kai, ya yi kyau! Amma ba ka ce ba a tsayarwa ba?"

"Lallashinta na yi."

"Barci ya sa ta, Malama," in ji Mai Ɓera, ko ɗagowa bai yi ba. "Haka yake yi in yana so Baba ya ɗauka aiki ya yi masa yawa."

"Au, haka ne?" Kawu ya ɗaga murya daga bayan labule.

Ta dube ni ta saman tabarau, ta kwashe da dariya har da riƙe ƙofa. Na ce a raina ba laifi, wannan dariyar dai tawa ce, ni na jawo ta. Ta karɓi filashinta, ta sa ƙafa waje, sai ta juyo.

"Gobe zan kawo hotunan tabarau na yara. Don Allah ka sa mata barcin nan, mai tsawo. Ba mu gama haƙoran tsohon ba."

Washegari na riga kowa zuwa, na ce yau kujera a gefena za ta wuni ko da faɗa. Na kama ta na ja, ta ƙi zuwa. Na duƙa na duba. Wayar nan ta ƙafarta an ƙara mata tsawo, an zagaya da ita ƙafar teburin Mai Ɓera, an murɗe tam.